Ɗan Ikenne Da Aka Yi Wa Gwanjon Kaya Ya Zo Ya Riƙe Baitulmalin Ƙasa

Duk wanda ya taɓa ƙirga canji a kasuwar goro ta Sabon Shagamu ya san fuskar da ke jikin takardar naira ɗari, mai tabarau da 'yar hula. Tun 1999 take shiga aljihunmu tana fita. To amma mu nawa ne muka san cewa mai wannan fuska maƙwabcinmu ne, kuma ɗan kasuwa ne irinmu wanda jarinsa ya taɓa karyewa ƙurmus? Garinsu Ikenne, nan ƙasar Remo, tafiyar da ba ta kai a ɗaura mata guzuri ba daga inda muke ɗaure huhun goro.

An haifi Obafemi Awolowo ranar 6 ga Maris 1909. Mahaifinsa manomi ne, yana kuma sana'ar tsaga katako, yana cikin mutanen farko da suka karɓi addinin Kirista a garin, shi ya sa ya sa ɗansa boko da wuri. A 1920 cutar agana ta ɗauke uban, yaron yana da shekara 11. Daga nan karatu ya zama na yau a shiga, gobe a fita. Ya tafi Abekuta, ya zauna gidajen mutane yana yi musu aiki, ya shiga daji ya yo itace ya sayar don kuɗin makaranta. Mu da muka ga almajirai suna wanki da ɗiban ruwa don su samu na tawada, wannan ba baƙon labari ba ne a wurinmu. A 1927 ya shiga kwalejin Wesley ta Badun, inda ake horon malamai, amma bai daɗe ba ya bari.

Sa'an nan sai ya shiga laluben abin yi. Ya koyar a makaranta, ya koyi buga tafireta da gajeren rubutun nan na akawuna, ya yi akawu, ya ɗan taɓa aikin jarida a Daily Times ta Legas wajen 1934. Duk bai zauna ba, don idonsa na kan lauyanci, shi kuwa lauyanci a wancan zamani sai an haye teku, sai da kuɗi. Sai ya ce bari ya nemo su a kasuwa. Ya shiga ba da rance, ya shiga sayen koko daga manoma yana kai wa kamfanonin Turawa, ya sayi mota ya shiga sufuri.

A nan ne ya kamata ɗan kasuwa ya gyara zama. A 1937 manyan kamfanonin Turawa masu sayen koko suka haɗa baki a kan farashi da yadda za su raba kaya tsakaninsu, ga shi kuma kasuwar duniya ta faɗi. Dillalin da ke tsakiya, wanda ya karɓo kuɗi ya raba wa manoma tun koko na da tsada, shi aka bari riƙe da buhu. Mun san irin wannan: ka ɗaure goro a kan farashin Shagamu, kafin mota ta isa Kano kasuwa ta juya, fatake sun yi yawa, goro ya fara baƙi. Bashi ya hau kan Awolowo har wuya. Masu bin sa suka kai ƙara, aka yi gwanjon kayansa a bainar jama'a, alhali bai daɗe da aure ba, don a Disambar 1937 ya auri Hannah Dideolu. Wanda bai taɓa tsayawa yana kallon ana buga ƙararrawa a kan kayan ɗakinsa ba, ba zai gane nauyin abin ba.

Abin da ya ba mu sha'awa, bai gudu ya bar gari ba. Ya zauna Badun yana fafutuka, yana sakataren ƙungiyar masu motocin haya da ta 'yan kasuwar amfanin gona, da dare kuma yana karatu ta gidan waya, har ya samu digirin ilmin kasuwanci na Jami'ar Landan a 1944, bai taka Ingila ba tukuna. Kafin nan, a 1943, ya rubuta wa attajirin nan na Ijabu-Ode, Timothy Odutola, takarda yana neman rancen fam 1,400 ba ruwa don ya je karatun lauya. Bai samu ba. Ba mu ga laifin attajirin sosai ba, gaskiya. Wa zai zuba irin wannan kuɗi a hannun wanda aka yi wa gwanjo jiya-jiya? Duk da haka a 1944 ya hau jirgin ruwa, ya bar matarsa da yara, ita ce ta riƙe gida da kasuwancinta har ya dawo. Matan zango masu tuwo-tuwo da ƙosai sun san wannan aiki.

A Landan shekara biyu kacal ya yi ya gama, aka rantsar da shi lauya a Inner Temple a Nuwambar 1946, yana da shekara 37, lokacin da sa'o'insa sun daɗe da zama a kujera. A can ne kuma suka kafa ƙungiyar Yarbawa ta Egbe Omo Oduduwa a 1945, ya rubuta littafinsa na farko kan makomar Nijeriya, aka buga shi a 1947. Ya dawo Badun ya buɗe ofis, daga baya suka haɗa da lauya Abiodun Akerele. Lauyoyi 'yan ƙasa kaɗan ne a lokacin, ƙasar Yarbawa kuwa ba ta rabuwa da rigimar fili da ta sarauta, sai aiki ya yi ta zuwa. Kuɗin da ya nema a koko ya rasa, a kotu ya same su. A 1949 ya kafa jaridar Tribune, a 1951 jam'iyyar Action Group ta fito fili, siyasa ta janye shi daga kotu, ya zama Firimiyan Jihar Yamma a 1954.

Ba ma ɓoye cewa iyayenmu da yawa ba sa tare da shi a siyasa. Har yau tsofaffi na ba da labarin jirgi mai saukar ungulu da ya yi yawon neman ƙuri'a da shi a Arewa a 1959, da yadda abin ya ɓata wa Sardauna rai. Amma lauyancin ya sake yi masa rana ta wata fuska. Da aka tuhume shi da cin amanar ƙasa a 1962, ya ɗauko lauya daga Ingila, Ministan Cikin Gida Alhaji Usman Sarki ya hana lauyan shigowa, sai ya tsaya ya kare kansa da kansa. Mai shari'a Sowemimo ya ɗaure shi shekara 10 a Satumbar 1963, aka kai shi Kalaba. Gawon ya sake shi a Agustan 1966, a 1967 kuma ya damƙa masa ma'aikatar kuɗi ana gab da yaƙin basasa.

A ganinmu a nan ne tsohon ciwon gwanjo ya yi aiki. Ya ɗaure bakin jaka, ya taƙaita shigo da kaya daga waje, ya canja takardun kuɗi a farkon 1968 don na hannun Biyafara su zama takarda kawai, aka yi yaƙin wata 30 ba tare da an ciwo bashin waje don shi ba. Wannan riƙon yana da ɗaci kuma: Inyamurai ba su manta fam 20 da aka ba masu ajiya a banki bayan yaƙi ba, kome yawan abin da suka ajiye. Ya sauka a 1971, wanda ya gaje shi a kujerar kuwa Alhaji Shehu Shagari ne. Su biyun suka sake haɗuwa a Kotun Ƙoli a 1979, kan ko kashi biyu cikin uku na jihohi 19 nawa ne, kuma ƙuri'un Kano ne ake jayayya a kansu. Kotu ta ba Shagari gaskiya. Awolowo ya rasu a Ikenne ranar 9 ga Mayu 1987.