Daga Ƙofar Doka Zuwa Unguwar Babban Gwani

Da yawa daga cikinmu da ke zaune a Kaduna, Abuja ko Ikko ba mu shiga Birnin Zariya sai a mota, mu yi gaisuwar Sallah mu juya. Shi ya sa kwana biyu bayan hawan Sallah wasu 'yan ƙungiya muka ajiye motoci a Ƙofar Doka, muka bi bayan wani dattijo, tsohon malamin makaranta, wanda ya yarda ya zaga da mu a ƙasa tare da 'ya'yanmu.

Tun a bakin ƙofa Malam ya nuna mana abin da ya rage na ganuwa, wadda ruwan sama da masu ɗibar ƙasa suka cinye. Ya sa yara su lissafa ƙofofin gari. Suka kawo Kuyambana da Gayan da Kona, daga nan suka yi shiru, mu iyayensu ma sai da muka yi ta lalube kafin Jatau da Bai su faɗo mana. A taƙaice ya ba mu labarin yadda Malam Musa ya zo da tutar Shehu Usmanu, Sarki Makau ya fice kudu, har ƙaninsa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, wato Suleja ta yau.

Inda muka daɗe shi ne Ƙofar Fada, a harabar Masallacin Juma'a. A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, cikin shekarun 1830, aka ɗora wa Muhammadu Durugu aikin gina shi, kuma shi ne magini da ake kira Babban Gwani. Da tubalin ƙasa da azarar giginya ya ɗaga ginshiƙai, ya tanƙwara bakan gizo, ya rufa soraye masu faɗi babu ƙarfe ko guda. Masana gine-gine daga Turai sun zo sun auna shi, har aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihi na Jos. A shekarun 1970 aka kewaye tsohon ginin da sabon gini na siminti. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar La'asar, wani sashe na rufin ya rufta a kan masallata, aka yi asarar rayuka. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Wani daga cikinmu ya ce ai dama ginin ƙasa ba ya ƙarko. Malam ya ce, "A'a, Alhaji. Ginin da ya kusa shekara 190 a tsaye ba za a kira shi marar ƙarko ba. Ginin ƙasa kamar jariri yake, kullum yana son hannu." Ya bayyana cewa a da, kafin kowace damina, magina kan hau soro su duba indararo, su toshe tsaga, su sake yaɓe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. In aka daina wannan, ruwa ya sami hanya, gara ta shiga azara, sauran kuwa sai jiran lokaci.

Daga nan muka ratsa lunguna zuwa unguwar da har yau take amsa sunan Babban Gwani. A hanya mun ƙirga zauruka masu zankwaye da zanen dagi, amma waɗanda aka rushe aka maye da bulo da kwano sun fi su yawa nesa ba kusa ba. Gaskiya mai ɗaci ita ce, galibin kuɗin bulon nan daga aljihunmu ya fito. Mu ne muke aiko da shi daga birane da niyyar kyautata wa iyaye, kuma ba wanda zai zarge mu da son su kwana a ɗakin da ba ya yoyo. Sai dai ko da wasa ba mu taɓa tambaya ko za a iya gyara zauren kaka a bar shi tsaye ba.

A ƙofar wani gida Malam ya gabatar da mu ga wani tsohon magini da ke zaune a kan tabarma. Muka durƙusa muka gaisa. Muka tambaye shi yara nawa yake koya wa ɗaurin bakan gizo yanzu. Ya ce, "'Ya'yana, biyu ne. Ɗayan ma ya koma acaɓa."