Karkacewa da Zamewar Bel ɗin Jigilar Kaya a Masana'antun Arewa: Nazari a kan Gano Tushen Matsala

Tsakure

Wannan maƙala ta duba matsalolin da suka fi addabar bel ɗin jigilar kaya a masana'antun siminti, casar shinkafa da matsar mai na arewacin Nijeriya da kudancin Nijar: karkacewa, zamewa a kan fuli, cijewar rola da ɓallewar haɗi. An dogara da ƙa'idojin ƙira na DIN 22101 da lissafin riƙon fuli domin auna maganin da aka fi saurin kai hannu gare shi, wato ƙara wa bel ɗauri. Lissafin ya nuna cewa ƙarin ɗauri kan rufe matsalar na ɗan lokaci, amma yana cinye rayuwar boris da haɗin bel. Maƙalar ta fifita hanyar lura da inda matsala take bayyana da lokacin da take bayyana, kafin a ɗauki sifana.

Gabatarwa

Daga Obajana da Gboko zuwa Ashaka, Kalambaina da Malbaza, bel ne yake ɗauko dutse daga injin fasa shi zuwa inda za a niƙa. A masana'antun Bompai, Sharaɗa da Chalawa na Kano, da injinan casar shinkafa na Kabi da Jigawa, shi ne yake kai buhu da tsaba daga wannan inji zuwa wancan. Da yake injinan a jere suke, wani yana ciyar da wani, tsayawar bel guda kan tsayar da layin duka. Wannan ne ya sa manaja yake matsa wa makaniki lamba, shi kuma makaniki yake neman abin da zai tayar da bel nan take. Abin da ya fi kusa da hannu shi ne notin ɗauri da ke fulin wutsiya.

Littattafan ƙira irin na ƙungiyar CEMA ta Amurka, da ƙa'idojin Jamus na DIN, sun yi bayanin yadda bel yake aiki dalla-dalla. Abin da wannan nazari ya yi shi ne ɗora waɗannan ƙa'idoji a kan yanayin da injinanmu suke ciki: ƙurar hunturu, zafin bazara da kan haura digiri 40 a Sakkwato, laimar damina, da ɗauke wuta ba shiri. Alƙaluman riƙo daga DIN 22101 aka ɗauko su, misalin bel ɗin kuwa an ƙirƙire shi ne domin lissafi.

Karkacewa: inda ake gani ba nan ne tushe ba

Bel yana bin rola kamar yadda keke yake bin kansa. Idan rola ta ɗan karkace daga daidai, bel zai gangara zuwa gefen da ya fara taɓawa. Amma gangarawar ba ta bayyana a kan rolar da ta jawo ta. Sai bel ya yi gaba da 'yan mitoci sannan gefensa ya fara gogar ƙarfe. Don haka wanda ya tsaya inda roba take ci yana bugun rolar wurin da guduma, ya bar mai laifi a bayansa. Gyara yana komawa ne baya, wajen da bel yake fitowa.

Gwajin da ya fi amfani a nan ba ya cin ko kwabo. A tsayar da bel, a ja layi da alli a gefensa kusa da haɗi, a sa wasu alamomi a kan ƙarafan gadon inda ake ganin gogayya, sannan a kunna a zuba ido har ya zagayo sau da dama. Idan kowane ɓangare na bel yana karkacewa a wuri guda, matsalar tana gado: rola ta karkace, ko ƙafa ɗaya ta nutse, ko kaya ya manne a kan rola. Idan kuwa ɓangaren da aka sa wa alli ne yake karkacewa duk inda ya je, saura kuma suna tafiya daidai, to bel ɗin ne da kansa, kuma galibi haɗin ne ba a yanka shi a miƙe ba. Irin wannan bel, ko a kwana ana juya rola ba zai daidaita ba, sai an yanke haɗin an sake.

Akwai rabe-rabe na biyu, tsakanin bel da kaya da bel ba kaya. Wanda yake tafiya daidai fayau, amma da an zuba masa kaya sai ya kauce, mazurari ne yake zubo masa kaya a gefe guda. Nauyin yana neman tsakiyar kwarin rola, sai ya tura bel zuwa ɗaya gefen. Wanda yake yawo idan babu kaya, ya nutsu idan an loda, yawanci ya yi tauri ne, ba ya kwanciya ya taɓa rolar tsakiya. Hakan na faruwa idan an sayo bel mai kauri fiye da abin da aka ƙera gadon dominsa, bisa zaton mai kauri ya fi ƙarko, musamman a gadon da rolarsa ta gefe ta tashi da digiri 35 ko 45.

Damina tana ƙara nata. Jiƙaƙƙiyar laka da ke zuwa tare da dutse tana mannewa a bel, ta bi shi ta ƙasa, ta taru a kan rolar dawowa da fulin wutsiya. Bel kuwa yana hawa zuwa inda fuli ya fi kauri. Tudun laka a gefe ɗaya na fuli ya isa ya ja bel gaba ɗaya, kuma da an kankare shi bel zai koma mazauninsa. Matsalar ita ce idan an riga an juya rola goma don a yaƙi wannan tudu: ranar da aka wanke fuli, rolar nan goma su ne sabuwar cuta. Shi ya sa ƙa'ida take cewa a fara da shara, a juya rola ɗaya kaɗan, a jira bel ya zagayo kamar sau uku, sannan a taɓa wata. A ganina masana'antar da ba ta rubuta wace rola aka juya da ranar da aka juya ta ba, masu aikin dare za su riƙa warware abin da masu aikin rana suka yi.

Zamewa da lissafin ɗauri

Fulin tuƙi yana jan bel ne da riƙo kawai. Iyakar wannan riƙo ita ce ƙa'idar Euler da Eytelwein: T1/T2 ≤ e^(μθ). T1 shi ne jan da ke gefen da bel yake shigowa da kaya, T2 na gefen da yake fita, μ ma'aunin riƙo tsakanin roba da fuli, θ kuma yawan naɗin bel a jikin fuli. DIN 22101 ya ba da μ na kusan 0.35 zuwa 0.4 ga busasshen fulin ƙarfe tsirara, ya faɗi zuwa 0.1 idan ya jiƙe. Fulin da aka sa wa rigar roba mai tsagi yana riƙe 0.25 zuwa 0.3 ko da ruwa da laka, mai rigar tangaran kuwa wajen 0.35.

A ɗauki bel samfurin EP 400/3 mai faɗin milimita 800, wato mai zare hawa uku da ƙarfin niyutan 400 a kowace milimita ta faɗi. Zai tsinke a kilo-niyutan 320, kuma da rarar tsaro ta ninki 10 da aka saba ba bel mai zare, aikinsa bai kamata ya wuce 32 ba. A ce ana bukatar jan kilo-niyutan 20 don tafiyar da kaya, naɗin kuma digiri 180 ne. A rani, da μ na 0.35, e^(μθ) ya kama 3.0, T2 na 10 ya wadatar, T1 ya zama 30. Lafiya lau. Ruwan farko ya sauka, μ ya koma 0.1, e^(μθ) ya zama 1.37. Don bel ya daina zamewa ta hanyar ɗauri kaɗai, sai T2 ya kai 54, T1 ya kai 74, fiye da ninki biyu na abin da aka yarda.

Nauyin da shaf da boris na fuli suke ɗauka shi ne T1 da T2 a haɗe. Ya tashi daga 40 zuwa 128, ninki 3.2. Rayuwar boris tana raguwa da ninkin nauyi sau uku a kansa, don haka ta ragu fiye da sau 30. Kuma ba kasafai ake tunawa a sassauta noti ba idan damina ta wuce.

Ƙarin naɗi ma bai taka kara ya karya ba a jiƙaƙƙen ƙarfe: kai shi digiri 210 da ƙaramin fulin matsi ya rage T2 zuwa 45 ne kawai. Amma rigar roba mai μ na 0.25 ta sauko da T2 ƙasa da 17, T1 kuma wajen 37. Tazarar da ke tsakanin 74 da 37 ita ce hujjar wannan maƙala. Bel ɗin da ya fara kuka a kan fuli a watan Yuni, rigar fulinsa za a duba ko ta siɗe, da makankarin da ya kamata ya share laka, da rumfar da za ta tare ruwa.

Ba a ce ɗauri ba shi da muhalli ba. Sabon bel mai zare yana miƙewa a makonnin farko, dole a bi shi. Haka kuma idan ya lotsa tsakanin rola biyu fiye da kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na tazararsu, kaya zai riƙa zuba. A bel mai nauyin rataye, a leƙa ƙarƙashi tukuna: sau da yawa nauyin ya sauka ya zauna a kan tarin ƙasa, ba ya jan komai.

Ƙura, zafi da mai

Ƙurar da iskar hunturu take kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi laushi gare ta kamar gari, ga ta siminti ko ta ɓuntun shinkafa mai yawan silika a kanta. Idan ta ratsa murfin boris ta haɗu da giris, sai ta zama abin wasa ƙarfe. Rola takan fara da ƙara, ta yi zafi, sannan ta cije. Bel bai san ta tsaya ba, yana ta wucewa a kanta, har ya cinye bayanta ya zama shafaffe mai sheƙi, daga nan ya huda bututun, bakin hudar ya zama wuƙa mai yanka roba ta ƙasa. Zagaye da kunne da na'urar auna zafi daga nesa yana kama wannan tun da wuri.

Cijewar boris ba asarar roba kaɗai ba ce inda ƙurar tana cin wuta. A ranar 7 ga Fabrairu 2008, matatar sukari ta Imperial da ke Port Wentworth a jihar Jojiya ta fashe, mutum 14 suka mutu. Hukumar binciken haɗurran sinadarai ta Amurka ta gano cewa fashewar ta faro ne daga rufaffen bel na ƙarfe da ke ƙarƙashin rumbunan sukari, kuma mai yiwuwa boris ne ya yi zafi. Masu niƙa fulawa, sukari da abincin kaji a nan suna cikin irin wannan haɗari.

Siffar bel ma tana faɗin abin da ya same shi. Kaya mai zafi, irin kilinkar siminti da ba ta huce ba, yana ƙona robar sama ta taƙure ta tsattsage, gefuna su lanƙwaso sama. Tunkuzar gyaɗa da waken soya kuwa mai suke saki, roba ta yau da kullum ta sha ta kumbura, gefuna su lanƙwasa ƙasa. Na farko yana bukatar roba mai jure zafi, wadda ISO 4195 ya kasa aji uku, na digiri 100, 125 da 150. Na biyu robar naitiril. Duk biyun ba sa zama a kan rola daidai, kuma babu juyin da zai gyara su.

Haɗi da ɗauke wuta

Haɗin matakala na bel mai hawa uku yana rasa ƙarfin hawa ɗaya, saura kashi biyu cikin uku. A misalin da ya gabata wannan kilo-niyutan 213 ne, kuma a kan ja na 74 rarar tsaron ta faɗi ƙasa da ninki 3. Haɗin ƙusoshi na gaggawa bai ma kai nan ba. Haɗin gam kuwa ƙura da laima ne maƙiyansa, ga shi gam ɗin yana da wa'adi, ajiya a ɗaki mai zafi tana gajarta shi.

A wannan hali ne ake ɗauke wuta. A tsari, ana tsayar da layi daga bel na farko, kowanne ya juye kayansa, ana kuma tayarwa daga na ƙarshe. Ɗauke wuta yana kashe su lokaci guda, dogon bel ya ci gaba da gangarawa bayan gajeren da ke gabansa ya tsaya, mazurarin da ke tsakaninsu ya cushe. Da janareta ya tashi aka danna moto kai tsaye, fizgar farko kan haɗi take sauka. Idan bel ya ƙi motsi kuma, fuli yana juyawa a ƙarƙashinsa yana ƙona shi. Gobarar bel ce ta kashe mutum 80 a mahaƙar kwal ta Creswell a Ingila a 1950. Na'urar da ke kashe moto idan gudun bel ya gaza na fuli, da na'urar tayarwa a hankali, da birkin hana komawa baya a bel mai hawa tudu, sun fi sabon bel araha nesa ba kusa ba.

Saura wani cikas da hanyar lura take da shi. Ana gane karkacewa ne bel yana gudu, shara kuwa ba a yin ta sai ya tsaya, kuma jarabar kankare fuli da shebur yana juyawa tana da ƙarfi idan ana jiran kaya. Dokar Masana'antu ta Nijeriya ta 1987 ta wajabta killace sassan inji masu haɗari, kuma bakin da bel yake shiga fuli yana cikinsu. Mai shara ya kashe wuta, ya sa wa makunnin kwaɗo, mabuɗin yana aljihunsa. Mai juya rola kuwa ya tsaya nesa da fuli, da riga mai ɗamewa, wani kuma yana riƙe da igiyar tsayarwa.