Ƙwayar Cutar da Ta Yi Kusan Shekara 80 a Dangin da Ba Nata Ba

Rubutun wannan makon tarihin wata ƙwayar cutar huhu ce, wadda masana suka daɗe ba su san asalinta ba.

A shekarar 1909, likitan nan ɗan Burazil, Carlos Chagas, ya hango wasu ƙananan halittu a huhun dabbobin gwaji. Ya ɗauka wani mataki ne na rayuwar ƙwayar da yake bincike a kanta, 'yar uwar mai kawo ciwon barci. A 1912 ne wasu masana biyu, miji da mata masu suna Delanoë, suka nuna a Cibiyar Pasteur ta birnin Faris cewa halitta ce mai zaman kanta, suka raɗa mata suna Pneumocystis carinii. Duk da haka aka bar ta a rukunin protozoa, wato dangin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro.

Masu wannan zato suna da hujja. A madubin likita kamarta ɗaya da su. Ba ta tsirowa a farantin gwaji kamar funfuna. Sanannen maganin fangas, amphotericin, ba ya kashe ta, alhali pentamidine, maganin ciwon barci, yana yi mata aiki. Sai dai kama da wane ba ta wane.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta addabi jarirai masu tamowa a gidajen marayu na Turai. A watan Yunin 1981 kuma aka ba da rahoton samari biyar a Los Angeles ta Amurka da suka kamu da ita. Wannan rahoto ne ya fara sanar da duniya cutar ƙanjamau.

Gaskiya ta fito a 1988, lokacin da Jeffrey Edman da abokan aikinsa suka karanta jerin sinadaran gadonta, suka gwada da na sauran halittu. Ashe fangas ce, 'yar uwar yis ɗin da ake kwaɓa burodi da shi. Rashin sinadarin ergosterol a fatarta, wanda amphotericin ke kai wa hari, shi ya sa maganin bai kama ta ba.

Amfanin ya isa gadon asibiti. A 1990 Ann Wakefield ta Jami'ar Oxford ta nuna ana iya gano ta da gwajin PCR, mai ruɓanya ɗan guntun DNA har ya bayyana. Binciken gado ya kuma tabbatar da cewa ta jikin mutum daban take da ta ɓera, shi ya sa ake kiran tamu Pneumocystis jirovecii, don girmama Otto Jirovec, masani ɗan ƙasar Cek.

Ƙwayar Septrin da asibitocinmu ke bai wa masu ƙanjamau, ɗaya daga cikin ayyukanta shi ne tare wannan cuta kafin ta kama huhu. Allah Ya ƙara mana lafiya.