Akta, Bos da Bindiga: Abin da Fastar Silima Ke Faɗa

Yau daga nan Hunkuyi zan ja ku zuwa Kano, mu tsaya a jikin bangon gidan silima.

A 1937 aka buɗe silimar Rex a Kano, Palace kuma ta biyo baya a 1952, ita a cikin birni ma aka gina ta, abin da ya jawo surutu sosai. Daga shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori suka fara shigo da finafinan Indiya, daga baya na Caina da na Amurka suka cika gari. To ga matsala: mai kallo ba ya jin Indiyanci, Turancin ma sai a hankali. Ta ina zai san fim ɗin da ya cancanci kuɗinsa? Fasta ce tafintarsa.

Kuma fastar nan karanta ta ake yi. Wanda fuskarsa ta fi girma shi ne akta. Wanda aka maƙale a sama ko a gefe, ya haɗe rai, ga gemu ko tabo, wannan bos ne, kowa ya san ba zai kai ƙarshen fim lafiya ba. Makami kuma shi ke faɗa maka ƙasa. Bruce Lee a fastar Enter the Dragon ta 1973, ba riga, riƙe da sandunan nan masu sarƙa: ka san duka ne da hannu da ƙafa. Rambo na biyu, 1985, ɗaurin goshi, ƙatuwar bindiga, wuta na ci a bayansa: Amurka ke nan, mutum ɗaya zai gama da bataliya. Fastar Indiya kuwa ta fi kowa haɗama. Jarumi, bos, budurwa, uwa mai hawaye, duk a takarda ɗaya, wato ana yi maka alƙawarin faɗa da waƙa da kuka na awa uku. Ni dai a ganina ita ta fi faɗin gaskiya.

Sunayen ma mutanenmu ba su tsaya wahalar da harshe ba. Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin.

Amma wa ake kira da wannan ƙwanji da bindiga? Samari. Silima ta dare ce, ba a ɗauke ta wurin mutunci ba, matar aure ba ta zuwa. Fastar ta san wanda ke wucewa ta gabanta.

Shi ya sa da bidiyo ya shigo ɗaki, hoto ya canza. Turmin Danya ya fito a 1990, kasuwar kaset ta Ƙofar Wambai ta bunƙasa, mata a cikin gida suka zama manyan masu kallo. Ku tuna fastocin finafinan Hausa na zamanin Sangaya: saurayi, 'yan mata biyu, lalle, gwaggwaro, kallon ƙasa-ƙasa. Wutar da bindigar suka ja baya.

Ba su tafi ba fa. Ku buɗe YouTube ku duba ɗan hoton da ake ɗora wa Indiya-Hausa irin fassarar Algaita: akta a tsakiya da jini a goshi, bos a kusurwa, mota na tashi sama.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.