Tarihin Biyan Diyya Kan Allurar Rigakafi

Da yawanmu muna tuna shekarar 2003, lokacin da iyayenmu ke rufe ƙofa in sun hango masu ɗigon shan-inna. Wannan ya sa na bi tarihin wata tambaya: idan allura ta cutar da yaro, wa zai biya diyya?

Amurka ta fara fuskantar wannan tambaya a watan Afrilu na 1955, sa'ad da kamfanin Cutter na Kalifoniya ya fitar da rigakafin shan-inna wanda ƙwayar cutar da ke ciki ba ta gama mutuwa ba. Kimanin mutum 200 suka shanye, 10 suka rasu. A 1958 kotu ta ce kamfanin bai yi sakaci ba, amma dole ya biya, tunda kayansa ne suka yi ɓarna.

Daga nan ƙararraki suka yawaita, musamman kan allurar tarin shiƙa a farkon shekarun 1980. Kamfanoni suka riƙa daina yin ta don gudun shari'a, har aka shiga ƙarancinta. Saboda haka a 1986 Shugaba Reagan ya sa hannu kan wata doka, wadda tsarinta ya soma aiki a 1988. An kafa asusu da harajin da ake ɗora wa kowace allura, da kotu ta musamman. Mai ƙara ba sai ya tabbatar da laifin kamfani ba. Idan illar tana cikin jerin waɗanda aka amince da su, kuma ta bayyana cikin lokacin da aka ƙayyade, sai a biya shi. Diyyar rai dala 250,000 ce. Amma ba kowane zargi ke karɓuwa ba. A 2009 da 2010 kotun ta yi watsi da zargin cewa rigakafi na haddasa galahanga, bayan iyalai fiye da 5,000 sun shigar da ƙara.

A gida kuwa babu irin wannan ƙofa da za a ƙwanƙwasa. A annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano da yara kimanin 200, inda 11 suka rasu. Trovan magani ne, ba rigakafi ba, kuma kamfanin ya musanta laifi. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75, sannan a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu, bayan gwajin ƙwayar halitta. Shekara 15 ke nan ana jira.

Cikin wannan jira ne aka ƙaurace wa rigakafin shan-inna a 2003, domin wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Kano ta dawo da shi a 2004, amma cutar ta riga ta bazu zuwa wasu ƙasashe, yaran da ba su ji ba ba su gani ba suka shanye.

Rigakafi ya fi magani, illarsa mai tsanani kuwa ba kasafai take faruwa ba. Sai dai wanda ta faɗa wa yana da haƙƙin a saurare shi da wuri. Mu da muke aikin gwamnati, da likitoci da lauyoyin cikinmu, ya kamata mu nemi a kafa irin wannan asusu. Allah Ya kare mana zuri'a, amin.