Karayar jari: daga zauren sarki zuwa rajistar kotu

 Duk mun san labarin: ɗan kasuwa ya ɗauki aya ko wake bashi, ciniki ya juya, sai a wayi gari ya tsallaka iyaka, masu kaya na ta salati. Shin dama haka ake yi?

A'a. Kakanninmu zauren sarki ko gaban alƙali suke kai irin wannan magana. A fiƙihun Malikiyya, wanda bashi ya fi ƙarfin dukiyarsa ana hana shi taɓa ta, a sayar, a raba wa masu binsa gwargwadon haƙƙin kowa, a bar masa sutura da ɗan abinci. Wanda ya tarar da hajarsa tana nan yadda ya ba da ita, yana iya ɗaukar abarsa. Amma shaidar duk a bakin mutane take, in dattawan suka rasu ta bi su.

Yau a rubuce take. Nijar na cikin ƙasashen da suka sa hannu kan yarjejeniyar OHADA a 1993. Dokarta ta karayar jari ta fito a 1998, aka sabunta ta a 2015, inda ta haɗa har da manoma da masu sana'ar hannu, ta kuma sauƙaƙa wa ƙananan 'yan kasuwa. Ma'aikacin albashi da bashin gida ya danne ba ya ciki.

Wanda ya kasa biyan basussukansa, kwana 30 gare shi ya sanar da magatakardan kotu. Kotu ce za ta duba: a ba shi dama ya farfaɗo, ko a sayar da kadara a biya mutane. Wanda aka kama da ɓoye dukiya kuwa, ana iya hana shi kasuwanci har shekara 10.

Hukuncin ba sirri ba ne. Ana shigar da shi rajistar kasuwanci ta RCCM, a buga a jarida, kuma kowa na iya zuwa wurin magatakarda ya nemi takardar bayanin ɗan kasuwa.

Don haka 'yan uwa, kafin mu ba da buhu ɗari a kan amana, mu bincika, mu kuma rubuta. Wanda jarinsa ya karye, ƙofar kotu ta fi masa hanyar dare, domin gudu ba ya biyan bashi.

Allah ya rufa mana asiri.