Galaksin Seyfert da Kweza: Nazarin Bakan Haskensu da Gocewarsa Zuwa Ja

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta bakan hasken galaksin Seyfert da na kweza, ta bi adadin gocewar haskensu zuwa ja, ta kuma auna hujjojin masu musun cewa gocewar tana nuna nisa. Matsayar da aka cimma ita ce su biyun iyali ɗaya ne. Ƙarfin haske da nisa da kusurwar kallo ne suka raba su a littattafai.

1. Gabatarwa

A 1943 Carl Seyfert, yana cibiyar hangen sama ta Mount Wilson a Kalifoniya, ya wallafa nazari a kan galaksi shida: NGC 1068, 1275, 3516, 4051, 4151 da 7469. Idan aka warware hasken galaksi ta yau da kullum launi-launi, abin da kan fito shi ne gamayyar hasken biliyoyin taurari, da baƙaƙen layuka a inda gas ya shanye haske. Waɗannan shida kuwa cibiyarsu na ƙyalli kamar tauraro guda, bakan haskensu kuma na ɗauke da layuka masu haske da faɗi, alamar gas mai zafi da ke gudun da ya kai dubban kilomita a daƙiƙa.

Aikin bai ja hankali sosai ba sai bayan 1963, shekarar da Maarten Schmidt ya warware sirrin kwezar 3C 273 da madubin Hale mai faɗin mita 5 a Palomar. Ya gane cewa baƙin layukan da ke bakan haskenta na haidirojin ne, gocewa kawai suka yi daga mazauninsu. Tambayar da ta taso tun daga lokacin ita ce: mene ne haɗin waɗannan halittu masu nisa, wato kwezoji, da galaksin Seyfert da ke kusa da mu?

2. Hanyar nazari

Ma'aunin gocewa zuwa ja, wato z, ana samun sa ne ta hanyar cire tsawon zangon layi na asali daga wanda aka gani, a raba abin da ya rage da na asalin. Layin Hβ na haidirojin yana kan nanomita 486.1 a ɗakin gwaji. A 3C 273 ya bayyana wajen nanomita 563, wato z = 0.158, nisan da haske ke shafe kimanin shekara biliyan 2 kafin ya ratsa. An dogara da awon da masana suka riga suka tabbatar, aka kwatanta abu biyu: siffar layukan, da adadin z.

3. Siffar layukan

A ajin biyu, layukan kan zo iri biyu. Masu faɗi, irin na haidirojin, suna fitowa daga gas mai kauri da ke kewaya cibiya da gudun kilomita 1,000 zuwa 10,000 a daƙiƙa, wani lokaci fiye. Sirara, irin na oksijin da ke kan nanomita 500.7, suna fitowa daga gas marar kauri da ke nesa da cibiyar, gudunsa ɗaruruwan kilomita ne kawai. A 1974 Khachikian da Weedman suka kasa 'yan Seyfert gida biyu: Nau'i na 1 mai layuka masu faɗi da sirara, kamar NGC 4151, da Nau'i na 2 mai sirara kaɗai, kamar NGC 1068. Bakan hasken Nau'i na 1 da na kweza kusan ba a iya bambanta su in ba a faɗi ƙarfin hasken ba.

Nau'i na 2 ma bai fita daga dangin ba. A 1985 Antonucci da Miller suka tace hasken NGC 1068, suka ware ɓangaren da ya bugi wani abu ya karyo zuwa gare mu, sai ga layuka masu faɗi a ɓoye a ciki. Bayanin da ya fi dacewa shi ne akwai zoben ƙura mai kauri, kamar gammo, kewaye da cibiyar. Mai kallo daga sama yana ganin cikinsa, mai kallo daga gefe sai dai abin da ya tsallake. A tsakiyar zoben akwai katafaren baƙin rami da ke zuƙar gas, kamar yadda Salpeter da Zel'dovich suka kawo a 1964, Lynden-Bell kuma ya faɗaɗa a 1969.

4. Gocewa zuwa ja da taƙaddamar nisa

'Yan Seyfert na farko duk na kusa ne: NGC 4151 tana kan z = 0.0033, NGC 1068 kan 0.0038, NGC 7469 kan 0.016. Kwezoji kuwa sun yi nisa: 3C 48 tana kan 0.367, J0313-1806 da aka sanar a 2021 kuma kan 7.64, haskenta ya taso ne sararin samaniya yana da kimanin shekara miliyan 670 da farawa.

Halton Arp ya ƙi yarda cewa wannan tazara nisa ce. A 1971 ya nuna Markarian 205, mai z = 0.071, wadda ake gani a gefen galaksin NGC 4319, mai z kusan 0.005, ya ce wata gadar haske ta haɗa su, don haka wuri ɗaya suke. Ƙalubalen ya cancanci amsa ta awo, kuma an bayar. A 1978 Stockton ya samu galaksi na yau da kullum a kusa da kwezoji, z ɗinsu iri ɗaya. A 1979 Walsh da Carswell da Weymann suka gano Q0957+561, kweza guda mai z = 1.41 da ke bayyana biyu, domin wata galaksi mai z = 0.36 ta tanƙwara haskenta. Hakan ba ya yiwuwa sai kwezar tana bayan galaksin. A 1982 Boroson da Oke suka ga layukan taurari a hazon da ke kewaye da 3C 48, gocewarsu daidai da ta cibiyar. Hotunan madubin Hubble na shekarun 1990 suka ƙara nuna galaksin da kwezoji ke zaune a ciki.

5. Tattaunawa

In haka ne, me ya sa ajin ɗaya ya taru a kusa, ɗayan a nesa? Dalili biyu ne. Na farko daga na'urorinmu yake: a nesa mai ƙarfin haske kaɗai ake hangowa, ƙyallin cibiyar kuma kan danne galaksin da ke kewaye da ita. Iyakar da Schmidt da Green suka sa a 1983, wato ƙarfin haske na −23 a ma'aunin taurari, yarjejeniya ce ta aiki. Babu wani giɓi a wurin. Na biyu daga tarihin sararin samaniya yake: kwezoji sun fi yawa wajen z = 2, kimanin shekara biliyan 10 da suka wuce, lokacin da gas ya wadata a cibiyoyin galaksi.

6. Kammalawa

Siffar layukan ta tabbatar da injin guda, wato baƙin rami mai zuƙar gas, adadin z kuma ya tabbatar da zamani daban-daban. Saboda haka duk ƙidayar da ta ware Seyfert daga kweza, ko ta tsallake waɗanda ƙura ta rufe, za ta rage wa tarihin girman baƙaƙen ramuka babban kaso. Aikin da ke gaba shi ne neman masu raunin haske a z mai girma, musamman da hasken infrared da na X-ray masu ratsa ƙura, domin a san ko ƙananan injinan na nan tun farko tare da manyan.